Yadda Za Ka Samu Fina-finan Lee Chang-dong, Ka Kalla, Ka Kuma Tattauna Su

A wani gidan abinci na ƙaramin gari a Koriya ta Kudu, magidanta biyar sun zauna da wata dattijuwa 'yar shekara 66. 'Ya'yansu maza da jikanta, su shida, sun shafe watanni suna yi wa wata 'yar makarantarsu fyaɗe, har yarinyar ta faɗa kogi ta mutu. Abin da ya tara iyayen lissafi ne: won miliyan 30 za a ba uwar yarinyar ta yi shiru, kowane gida ya kawo miliyan 5. Ana tsaka da maganar sai dattijuwar ta miƙe ta fita, ta tsuguna gaban wani jan fure tana rubutu a ɗan littafinta, mazan suna hangen ta ta taga.

Wannan fitowa ce daga Poetry, fim ɗin da Lee Chang-dong ya fitar a 2010. Duk wanda ya taɓa ganin manya sun haɗa kai sun rufa wa ɗan gida asiri, aka kira abin sulhu, ya san teburin nan. Yawancinmu ta fina-finai masu dogon zango irin su Jumong muka fara sanin Koriya, da fada da takubba da soyayyar da ake jan ta mako-mako. Lee wata hanya ya bi daban. Fim ɗinsa ba ya yanke maka hukunci, tambaya yake ajiye maka a cinya ya tafi. Shi ya sa a ganina wanda ya kalle shi shi kaɗai, ya kashe waya ya kwanta, rabin aikin ya yi. Sauran rabin yana cikin musun da za a yi bayan an gama.

An haifi Lee a birnin Daegu a 1954. Ya koyar da harshen Koriya a makarantar sakandare, ya yi suna a rubutun gajerun labarai, sannan ya shiga harkar fim ta hanyar rubuta wa darakta Park Kwang-su labari. Sai da ya haura shekara 40 ya ba da umarnin fim ɗinsa na farko. Ya riƙe muƙamin ministan al'adu daga 2003 zuwa 2004 a gwamnatin Roh Moo-hyun. Tsakanin 1997 da 2018 dogayen fina-finai shida kacal ya yi, kuma ƙarancinsu alheri ne ga mai farawa: a makonni shida, fim ɗaya kowane mako, ka ga duka.

Da wanne za a fara

Kada ka bi jerin shekaru. Fara da Poetry. Shi ne mafi sauƙin shiga, kuma shi ne zai koya maka saurin da Lee ke tafiya da shi. Mija, dattijuwar nan, ta fara mance sunayen abubuwa saboda cutar mantuwa, kuma a daidai lokacin ta shiga ajin koyon waƙa, inda malami ya ɗaga tuffa ya nuna musu cewa sun sha ganin ta amma ba su taɓa kallon ta ba. Yoon Jeong-hee, wadda ta fito a matsayin Mija, babbar tauraruwa ce tun shekarun 1960, ta dawo fim bayan kimanin shekara 15 da barinsa. Daga baya aka bayyana cewa ita ma tana fama da wannan cutar, ta rasu a Paris a Janairun 2023. Fim ɗin ya ci kyautar rubutun labari a bikin Cannes na Faransa.

Daga nan sai Secret Sunshine na 2007, wanda zan daɗe a kansa nan gaba. Na uku Peppermint Candy, sai Oasis na 2002, labarin wani da aka sako daga kurkuku da wata mata mai lalurar shanyewar jiki wadda danginta suka yar a tsohon ɗaki, suka yi amfani da sunanta suka karɓi sabon gidan da ake ba naƙasassu. Burning na 2018 ka bar shi zuwa na biyar, duk da shi ne aka fi sani, domin sai idonka ya saba da Lee za ka ji daɗin yadda yake ɓoye abu a fili. Green Fish na 1997, labarin saurayin da ya dawo daga aikin soja ya tarar gonakin garinsu Ilsan sun zama benaye har ya faɗa hannun 'yan daba, shi ne na ƙarshe. Ana kallonsa ne don a ga inda mutumin ya faro.

Neman fim ɗin

A nan yawancin mutane ke sarewa, kuma dalilin ɗaya ne: haƙƙin nuna fim ƙasa-ƙasa ake sayar da shi, na ɗan lokaci. Abin da ke kan Netflix a Ingila ba lallai ya kasance a Nijeriya ba, wanda ke nan yau kuma yana iya ɓacewa baɗi. Don haka duk wanda ya ce maka fim kaza yana wuri kaza, tambaye shi a wace ƙasa, kuma yaushe ya gani.

Fara da daidaita sunan. Poetry da Oasis da Burning kalmomi ne gama-gari, in ka rubuta su haka nan tarkace za su fito maka. Haɗa da sunan daraktan da shekarar. Sunayen asali ma suna taimakawa: Si shi ne Poetry, Miryang shi ne Secret Sunshine, Bakha Satang shi ne Peppermint Candy, Chorok Mulgogi kuma Green Fish. Lee sunan dangi ne, shi ke zuwa farko a al'adarsu, amma wasu shafuka sukan juya su rubuta Chang-dong Lee.

Sannan ka shiga JustWatch, ka zaɓi ƙasar da kake, ka sa sunan fim. Zai nuna maka ko akwai shi a inda ake biyan kuɗin wata, ko haya, ko saye. Ka duba MUBI da kanka, domin irin waɗannan fina-finan ne sana'arsu, kuma suna aiki a mafi yawan ƙasashen duniya, sai dai kayan kowace ƙasa daban. In ba ka samu ba, sa fim ɗin a jerin waɗanda kake jira, ka riƙa leƙawa. Za ka ji ana yawan ambaton Criterion Channel. Amurka da Kanada kaɗai yake aiki. Akwai masu ɓoye inda suke da VPN don su shiga, amma hakan ya saɓa wa ƙa'idojin yawancin kamfanonin, kuma galibi wajen biyan kuɗi da katin banki ake maƙalewa.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce faifai, domin shi ba ya ɓacewa in kwangila ta ƙare. Kamfanin Criterion ya fitar da Secret Sunshine a 2011. A 2024 kamfanin Film Movement na Amurka ya nuna Green Fish da Peppermint Candy da Oasis da Poetry bayan an gyara hotonsu an sabunta. In kana da ɗan'uwa mai karatu ko aiki a waje, wannan tsaraba ce mai sauƙin ɗauka. Sai dai ka kula da kullen yanki kafin a kashe kuɗi. Faifan Blu-ray kashi uku ne: Amurka da Koriya suna yankin A, Turai da Afirka suna yankin B. Ma'ana, na'urar da aka yi wa kasuwarmu za ta fi karɓar faifan Ingila ko na Faransa fiye da na Amurka. DVD kuma lambobi ne: Amurka 1, Turai 2, Koriya 3, yawancin Afirka 5. Mafita ita ce na'urar da ba ta da kulle. Abu na biyu, a duba bayan kwalin a ga harshen rubutun fassara. Faifan Faransa sau da yawa Faransanci kaɗai ke kansa, wanda ya yi wa mai karatu a Damagaram ko Garwa daidai, amma zai bar na Zariya da kallon baki.

Wanda ke Abuja ko kusa, akwai Cibiyar Al'adun Koriya da aka buɗe a 2010, tana shirya nunin fina-finai lokaci-lokaci. Bibiyar sanarwarsu ba ta cin ko kwabo, kuma roƙo a rubuce daga ƙungiyar ɗalibai ya fi na mutum ɗaya nauyi. Akwai kuma taskar adana fina-finan Koriya, wadda ke da tasha a YouTube mai suna Korean Classic Film, cike da tsofaffin fina-finai kyauta, da izini, da rubutun fassara. Yayin da kake jiran na Lee, kalli Obaltan na Yu Hyun-mok, na 1961. Talaucin bayan yaƙi da ke cikinsa shi ne ƙasar da zuriyar Lee ta tsiro a kai.

Na san me ke zuciyar mai karatu: shagon tura fim a waya yana bakin layi. Ba na ba da shawararsa, kuma dalilina biyu ne. Mu da muka ga yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifan fina-finan Hausa mun san wanda ke asara. Na biyun kuma ya shafi kai kanka. Kwafin da aka matse don ya shiga waya yakan kashe duhu ya mai da shi baƙin tabo, a yanke gefen hoto, a liƙa fassarar na'ura. Fim ɗin faɗa zai iya jure wannan, domin naushi naushi ne. Fim ɗin da nauyinsa ke kan jimla ɗaya da wata mata ta faɗa a hankali ba zai jure ba. Araha ba ta ado.

Rubutun fassara da shirin zama

Kafin ka tara mutane, kalli minti goma na farko kai kaɗai. In rubutun yana riga magana ko yana bin bayanta, a manhajar VLC ta kwamfuta maɓallan G da H suna matso da shi gaba ko baya. In kuwa ka ga jinsi yana juyewa, mace ta koma namiji a tsakiyar zance, to fassarar na'ura ce, nemi wata. Koriyanci yakan bar wakilin suna a ɓoye, na'ura kuma sai ta yi ta canka.

Ko fassara mai kyau akwai abin da ba ta ɗaukowa. A Secret Sunshine, jarumar fim ɗin Shin-ae da harshen Seoul take magana, makanikin da ke bin ta, wanda Song Kang-ho ya fito a matsayinsa, da karin harshen yankin Gyeongsang. Ɗan Koriya yana jin baƙuntarta tun daga jimlar farko, kamar yadda kunnenmu ke raba Kananci da Sakkwatanci. Saurari sautin ko da ba ka jin ma'anar. A Oasis kuma za ka ga mutumin da ya fito daga kurkuku ya tsaya a shago yana cin farar awara ɗanya. Al'adarsu ce dangi su tarbi fursuna da ita a ƙofar gidan yari, farinta alamar sabuwar rayuwa. Shi ba wanda ya zo tarbarsa, da kansa ya nemo ta. In ba ka san wannan ba, sai ka ɗauka yunwa ce kawai.

Ban da Green Fish, kowane ɗayansu ya haura awa biyu. Burning minti 148 ne. A lissafin Netflix, awa ɗaya tana cin kusan gigabayit 1 a matsakaicin hoto, har zuwa 3 a hoto mai kyau. Saukar da fim ɗin tun da rana ko a garaɓasar datar dare, kada ka dogara da sabis a lokacin kallo. Cika batir. Lokacin da ya fi dacewa bayan sallar isha ne, inda ba abin da zai katse zaman. In dole sai an tsaya, Peppermint Candy babi bakwai ne, ana iya hutawa tsakaninsu.

Kashe fitila, ka nemi allo mafi girma da za ka samu. Fitacciyar fitowar Burning da almuru aka ɗauke ta, haske yana janyewa sannu a hankali, kuma a kan waya da rana tsaka ba za ka ga komai ba. Poetry ba shi da kiɗan rakiya, sai ƙarar ruwa da iska da takun mutane, don haka in janareta na kusa, sa abin sauraro a kunne. Kada ka ƙara saurin fim, kada ka tsallake wurin da ka ga kamar ba a yin komai. A nan ne Lee ke aikinsa.

Wajibi ne in faɗi wannan ƙarara: waɗannan fina-finan ba na zaman falo da yara ko surukai ba ne. Akwai tsiraici da saduwa a Burning da Peppermint Candy da Oasis, akwai yunƙurin fyaɗe a Oasis, azabtarwa da kisan kai a Peppermint Candy, mutuwar yaro a Secret Sunshine. Poetry ma yana da fitowa ɗaya mai nauyi tsakanin Mija da tsohon da take jinya. Faɗa wa waɗanda ka gayyata tun kafin su zo, kowa ya zaɓa da saninsa. Kuma kallon gida da abokai daban, nuni ga jama'a a zaure ko makaranta daban. Na biyun yana buƙatar izinin mai haƙƙin fim, kuma kamfanin Finecut na Seoul shi ya sayar da Poetry da Burning a kasuwannin waje. Yana kuma buƙatar bin dokar hukumar tace fina-finai ta inda kake.

Fim ɗaya ne ke buƙatar karatu kafin kallo, Peppermint Candy. Da ƙarshen rayuwar jaruminsa Yong-ho ya fara, a kan titin jirgin ƙasa a 1999, sannan ya riƙa komawa baya har 1979. A sa mutum ɗaya ya yi wa sauran bayanin minti biyar a kan abu huɗu: kashe Shugaba Park Chung-hee a Oktoban 1979 da ƙwace mulkin Janar Chun Doo-hwan, kisan da sojoji suka yi wa masu zanga-zanga a Gwangju a Mayun 1980, boren 1987 da ya tilasta zaɓe kai tsaye, da karyewar tattalin arziki ta 1997 da ta kai ƙasar ga bashin asusun IMF. Yawancin babobin suna jingine da ɗayan waɗannan zamunna. Da zarar an san su, za a ga mutumin da aka fara ƙi a farko yana ta zama yaro mai tsabtar zuciya, kuma an riga an san abin da ke jiran sa.

Yadda ake zaman tattaunawa

Mutum huɗu zuwa bakwai sun isa. Fiye da haka sai ya koma wa'azin mutum biyu. In fim ya ƙare, a bar sunaye su gama hawa kafin a kunna fitila, a kawo shayi. Zagayen farko kada a yarda kowa ya ce ya yi kyau ko bai yi ba. Kowa ya ambaci fitowa ɗaya da ta tsaya masa a rai, ya faɗi abin da idonsa ya gani a ciki. Wannan ƙaramar doka tana hana mai yawan karatu danne sauran, domin gani kowa ya gani.

Daga nan zan tona wasu sirrin labari. Wanda bai kalla ba ya dakata.

A Secret Sunshine, Shin-ae bazawara ce da ta koma Miryang, garin mijinta, da ɗanta ɗaya. Aka sace yaron aka kashe. Ta shiga coci ta samu natsuwa, har ta yanke shawarar zuwa kurkuku ta yafe wa makashin. Ta same shi fuska a sake, ya ce mata shi ma ya tuba, Allah ya riga ya gafarta masa. Daga nan ta ruguje. Jeon Do-yeon ta ci kyautar gwarzuwar jaruma a Cannes da wannan rawar, kuma in ka kalli fuskarta a wannan ɗakin ziyara za ka san dalili.

Mai kallo Musulmi nan take zai kawo maganar da ya tashi da ita: akwai haƙƙin Allah, akwai haƙƙin bawa, kuma na biyun yana wuyan mutum sai mai shi ya yafe. Magana ce mai ƙarfi, a bar ta ta fito. Amma mai jagorantar zama kada ya bari ta rufe ƙofa, kuma kada ya bari hira ta koma gasar addinai, domin fim ɗin bai tsaya nan ba. A tura tambayar gaba. Me ya kai ta kurkukun tun farko, yafiya ko son ta ga kanta a sama da shi? Natsuwar da ta samu cikin 'yan makonni ta gaske ce, ko baƙin ciki ne ta lulluɓe? Mu kanmu, in mun ce wa uwar mamaci ta yi haƙuri tun kafin hawayenta ya bushe, don ita muke faɗa ko don mu samu sauƙin zama kusa da ita? Sannan a tuna da makanikin nan, wanda ba shi da wata magana mai zurfi, amma duk inda ta faɗi yana tsaye a bayanta. Fim ɗin da sararin sama ya buɗe, ya rufe da hasken rana a kan wani ƙazamin lungun tsakar gida. A tambayi kowa me ya sa kyamara ta sauko.

Poetry ma yana da nasa ƙullin. Mija ta samo kason kuɗinta ta biya, amma duk da haka 'yan sanda suka zo suka tafi da jikanta, tana buga ƙwallon gashin tsuntsu da shi a bakin titi. Ba a nuna wanda ya kai ƙara ba. Kafin nan kuwa ta sa shi ya yi wanka, ta yanke masa farce. In ita ce, cin amanar jini ta yi ko ita kaɗai ce ta ɗauki yaron a matsayin mutum mai alhaki? Iyaye da matasa ba sa ba da amsa iri ɗaya a nan, shi ya sa zaman ya fi armashi in shekarun mahalarta sun bambanta.

Burning kuwa takarda yake buƙata. Lee ya gina shi a kan gajeren labarin marubucin Japan Haruki Murakami. Jong-su ɗan manomi ne daga Paju, kusa da iyakar Koriya ta Arewa har ana jin lasifikar farfagandarsu. Ƙawarsa Hae-mi ta tafi Afirka ta dawo da wani mai kuɗi, Ben, wanda ya ce abin shaƙatawarsa ƙona rumfunan ledar gona da aka yi watsi da su. Sai Hae-mi ta ɓace. Raba takardar gida biyu, gefe ɗaya abin da aka nuna, ɗayan abin da Jong-su ya zata, a cike ta tare. Agogon Hae-mi yana cikin aljihun tebur a gidan Ben, amma an ga irinsa a hannun wata abokiyar aikinta. Kyanwar gidan Ben ta amsa sunan kyanwar Hae-mi, amma Jong-su bai taɓa ganin ta Hae-mi da idonsa ba. Rijiyar da ta ce ta faɗa tana yarinya, danginta sun ce babu ita, mahaifiyar Jong-su ta ce akwai. In takardar ta cika, a ƙirga abin da ya rage a gefen farko, sannan a mayar da fim ɗin minti goma sha biyar na ƙarshe a sake kallo, daga inda Jong-su ya zauna a ɗakin Hae-mi ya fara rubutu.